Tsohon dibi na gidanka: yadda za ka gane ya gaji da yadda ake canza shi

Tun da zafi ya kankama a Bauchi ban huta da kira ba, kuma kusan duk maganar ɗaya ce, wannan ya ce bireka na faɗuwa da zarar ya kunna esi ko zan zo in sa masa babba, wancan ya ce akwatin wutarsu na ƙauri da daddare amma da safe sai ya daina, wata Hajiya kuma cewa ta yi firiza ke jan ta in ta taɓa ba takalmi. To maimakon in yi ta maimaitawa bari in jero shi yadda nake yi in na shiga gida, tun daga dubawa har ranar da za a ɗaura sabo. Dibi dai shi ne akwatin nan da wuta ke shiga bayan ta wuce mita, daga nan ta rarrabu zuwa ɗakuna da kicin da sauransu, wasu na ce masa akwatin fiyus wasu allon wuta.

Abu ɗaya ka riƙe tun yanzu don duk sauran bayanin a kansa ya hau: bireka ko fiyus ba don firjinka aka sa ta ba, don wayar da ke cikin bango aka sa ta. Aikinta ta yanke wuta kafin wayar ta yi zafin da robarta za ta narke. In ka ga tana faɗuwa to aikinta take yi, ba ita ce mai laifin ba.

1. Duba da ido da hanci, ban ce da hannu ba

Lokacin da ya fi dacewa ka duba shi ne sanda akwai wuta kuma gidan ya ɗauki kaya sosai, misali da daddare esi na aiki ana guga. Tsaya gaban akwatin ka shinshina. Ƙaurin roba, ko wani wari kamar na kifi, alamar wani wuri na dahuwa a ciki ne. Kasa kunne, in kana jin ziiii ko ƙas-ƙas to akwai wayar da ta saki tana tartsatsi. Duba murfin da bangon da ke sama da shi ko akwai baƙin hayaƙi, ko robar ta koma ruwan ƙasa ta kumbura. Za ka iya ɗora bayan hannunka a kan murfin roba ka ji, ɗumi kaɗan ba komai, amma zafin da ba za ka iya barin hannunka a kai ba matsala ce ta yau ba ta gobe ba.

Gargaɗi: in murfin na ƙarfe ne kuma gidan ana yawan jin ja a jikin kaya, kar ka taɓa shi ko da bayan hannu ne. Kuma kar ka kwance sukurorin murfin ciki, don ko da ka kashe babban makunni wayoyin da suka taso daga mita suna nan da wutarsu.

Sai alamomin da ba a jikin akwatin suke ba. Fitila na dusashewa duk lokacin da sumo, wato injin jan ruwa, ko firiza ya tashi alhali maƙwabta da kuke layi ɗaya ba sa ganin haka. Soket na baƙi. Bireka ɗaya kullum ita ce ke faɗuwa, ko kuma akasin haka wanda ya fi ban tsoro, an yi tartsatsi a ɗaki har waya ta ƙone amma ba abin da ya faɗi a dibi. Wannan na ƙarshen in ya faru ko sau ɗaya ne, ba sai ka yi dogon tunani ba, akwatin ba ya gadin komai.

In har wuta ta kama, ba a zuba ruwa. Yashi, ko tukunyar kashe gobara mai hoda, sannan a yanke lantarkin daga canji-oba, makunnin nan da ke sauya gida tsakanin wutar NEPA da janareto, in ana iya kaiwa gare shi.

2. Gane wane iri ne a gidan

Tsofaffin gidajen cikin gari, irin su Jahun da Nasarawa da wajen Ƙofar Ran, da gidajen Federal Low-cost da aka gina tun zamanin Shagari, yawanci abin da nake tararwa allon katako ne an kafe katawut na tangaran a jiki, wato gidan fiyus, da giya-suwic, babban makunni na ƙarfe mai hannu a gefe. Fiyus ɗin ciki siririyar waya ce da aka auna ta don ta narke a wani adadi. Matsalar ita ce ba wanda ke sayen wayar fiyus ta gaskiya yanzu, in ta tsinke sai yaro ya warware silin waya huɗu biyar ya murɗa ya mayar, gobe ta sake tsinkewa a ƙara biyu. Na taɓa buɗe katawut a wani gida na tarar da ƙusa, na ce Baba wa ya sa wannan, ya ce ai tun da aka sa ta ba mu ƙara samun matsala ba. Gaskiya ne bai ƙara samun matsalar fiyus ba, amma wayar da ta shiga ɗakin matarsa robarta duk ta zama garin gawayi.

Iri na biyu shi ne akwatin bireka amma tsoho, mai gida huɗu ko shida, ya cika har ana cusa waya biyu uku a bakin bireka ɗaya, kuma babu na'urar nan mai kare mutum daga jan wuta. Yadda za ka gane ta: ta fi sauran faɗi, tana da ɗan maɓalli da aka rubuta T a kai, kuma za ka ga 30mA a fuskarta. Masu sayarwa na ce mata RCD wasu ELCB. In ka duba babu, to abin da ke gidanka waya kawai yake karewa, yaron da ya cusa ƙarfe a soket ko matar da ta taɓa hita da jiƙaƙƙen hannu ba abin da zai yanke musu wuta.

Iri na uku, wanda ni ya fi ɗaga min hankali, gidan da aka jawo layi uku daga fol aka jera katawut uku, in layi ɗaya ya ɗauke sai a zare fiyus a mayar ɗayan, da hannu, wani lokaci cikin duhu wani lokaci ana ruwa, kuma yawanci yara ake aika. Ko da sauran kayan lafiya suke wannan kaɗai ya isa dalilin canji, akwai makunnin zaɓen layi da ake murɗawa ba sai an zare komai ba.

3. Lissafa kayan da gidan ke ɗauka yau

Nan ne yawancin mutane ke gane inda gizo ke saƙar. Lokacin da aka yi wayarin gidan me ake da shi? Ƙwan fitila shida, fanka uku, talabijin ɗaya, dutsen guga. Yanzu fa? Ɗauki takarda ka zaga, kowane kaya akwai ɗan rubutu a bayansa ko ƙarƙashinsa da ke nuna wat ɗinsa. Ga misalin gida matsakaici:

esi mai doki ɗaya da rabi guda biyu, wajen 2,400
ketil na lantarki 2,000
hitar wanka 1,500
dutsen guga 1,200
sumo mai doki ɗaya wajen 1,000
fanka biyar 350
firiza 200, firji 150
fitilu 200, talabijin da caji da tarkace 200

Jimla 9,200. Wutarmu ta layi ɗaya bolt 230 ce, sai ka raba 9,200 da 230, ya ba ka amfiya 40, wato yawan wutar da za ta bi ta cikin waya. To je ka duba abin da aka rubuta a jikin tsohon giya-suwic ɗin, da yawansu 30 ne. Ka ga an ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Wani zai ce ai ba a kunna su duka lokaci ɗaya. A littafi haka ne, amma a garin nan fa? In an yini ba wuta aka kawo ƙarfe tara na dare, a minti biyar ɗin farko an kunna sumo don a cika tanki, an jona guga saboda kayan makaranta, firiza da ya narke ya tashi, maigida ya kunna esi, duk a tare. Saboda haka ni in ina lissafi ba na rage da yawa. Ƙari a kan haka lo-karen, in wuta ta sauko 160 sitabilaizar da ke ciyar da esi mai 1,200 za ta ja amfiya 7.5 maimakon 5 da ɗoriya, wato daidai lokacin da kake ganin wutar ba ƙarfi lokacin waya ta fi shan zafi. Kuma duk abu mai moto, sumo da firiza da esi wanda ba inbata ba, a daƙiƙar tashi yana jan ninkin abin da aka rubuta sau da yawa.

Duba fuskar mitarka ma, za ka ga wani abu kamar 5(60)A ko 5(80)A, lambar ta biyu ita ce iyakar abin da za ta ɗauka. In lissafinka ya kusa kai can, ko kana shirin ƙara esi biyu da kuka ta lantarki, maganar ta wuce canza akwati, sai ka je ofishin JED, kamfanin da ke raba mana wuta, ka nemi a mayar da kai layi uku da mitarsa.

4. Gyara ne ko canji

Ba kowace matsala ce ke buƙatar sabon dibi ba, kar wani ya tsorata ka ya ci kuɗinka. In akwatin na bireka ne, jikinsa lafiya, akwai sauran gurbi, abin da ya faru kawai sukuru ya saki ko bireka ɗaya ta mutu, gyara ne na awa ɗaya. In RCD ce kawai babu kuma akwai wurin sa ta, a ƙara.

Amma in allon katako ne da katawut, ko cikin ya taɓa ƙonewa har sandar jan ƙarfen da birekoki ke hawa ta yi baƙi, ko tsatsa ta ci shi saboda feshin ruwa, ko ya cika ba wurin ƙara layi, ko za ka shigo da sola da inbata, a canza kawai. Haka in ka sayi tsohon gida ko za ka zuba 'yan haya kuma ba ka san wanda ya yi wayarin ba.

Gargaɗi, kuma shi ne kuskuren da ya fi yawa: cire bireka mai 20 a sa mai 32 ko 40 don ta daina faɗuwa. Wayar ba ta ƙara kauri ba, abin da ka yi kawai ka sallami maigadi. Duk mai gyaran da ya ba ka wannan shawarar ba tare da ya duba kaurin waya ba, ka ba shi kuɗin mashin ya tafi.

5. Mai aiki da gwajin da zai yi kafin a sayi komai

Wannan ba aikin da maigida zai yi da kansa ba ne ko da kuwa ya iya canza soket. Nemi wanda ke da shaidar NEMSA, ita ce hukumar da ke ba masu wayarin lasisi a ƙasar nan, kuma ba rashin kunya ba ne ka ce ya nuna maka. Sannan kalli jakarsa, in abin da ya zo da shi tesita ce da filaya da salatif kawai, ba zai iya gaya maka lafiyar wayar da ke cikin bango ba.

Abu uku zai auna. Na farko amfiyar da gidan ke ja a zahiri, da mitar nan mai baki kamar ƙaguwa da ake maƙala wa waya. Na biyu lafiyar robar wayoyi da na'urar da muke kira mega, ana zare duk kaya daga soket a cire ƙwayayen fitila a tura bolt 500 a kowane layi, in karatun ya gaza megohm 1 layin nan yana yoyo, ko ɓera ya ci ko zafin rufin kwano ya gasa shi. Na uku at, wato wayar ƙasa. Gidaje da yawa za ka ga koriyar waya a soket amma in ka bi ta ba inda ta je, ko an ɗaure ta a bututun ruwa wanda tuni aka mayar da shi na roba.

Dalilin da ya sa nake nacewa a yi wannan tun farko: in wayar bango ta mutu, sabon dibi kwalliya ce kawai, kuma RCD ba za ta zauna ba, kana ɗagawa tana faɗuwa. A nan ne wasu ke cewa ai ba ta dace da wutar Najeriya ba su tsallake ta. Ƙarya ne, yoyo ta gani. A nemo layin a gyara, ko an haɗa nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, na layi biyu wuri ɗaya ne a raba su.

6. Sayayya da inda kuɗin ke tafiya

Ka sa mai aikin ya rubuta maka kaya ɗaya bayan ɗaya da girman kowanne, kuɗin aikinsa daban a ƙasa. Kar ka yarda da "Alhaji kawo kaza a gama komai", nan ne ake rage ingancin kaya. Farashin kayan wuta dala yake bi, saboda haka ɗauki takardar ka zaga shago uku, wajen Wunti da Babbar Kasuwa duk akwai masu kayan, ka kwatanta a rana ɗaya, kuma in ka samu wanda ya yi arha fiye da kima to ka tsaya ka tambayi kanka dalili.

Akwatin kansa ba shi ne mai tsada ba. Sayi wanda ya fi buƙatarka ta yau da gurbi uku ko huɗu, in layi takwas kake da shi ɗauki mai sha biyu, bambancin kuɗin kaɗan ne kuma shekara biyu masu zuwa za ka gode min. Abin da ke cin kuɗi shi ne waya, musamman mai kauri da za ta taso daga mita, sai RCD wadda guda ɗaya ta ninka ƙaramar bireka sau da yawa, sai canji-oba mai kyau da sandar at. In kuma gwaji ya nuna sai an sake jan wasu layuka har da fasa bango, to ka sa kuɗin birkila da fenti a lissafi tun yanzu.

Ga yadda nake haɗa waya da bireka, kuma ina ɗan ragewa ne saboda zafin garinmu, wayar da ke cikin silin a watan Afrilu ba ta ɗaukar abin da za ta ɗauka a wuri mai sanyi:

1.5mm, fitilu da fanka, bireka 10
2.5mm, soket, bireka 20
4mm, esi ko hita ko sumo, kowanne layinsa shi kaɗai, bireka 20 zuwa 25
6mm, kuka ta lantarki, bireka 32
16mm, daga mita zuwa dibi, babbar bireka 63

Ga abubuwa masu moto a ɗauki wadda aka rubuta C a gaban lambar, kamar C20, ita ke jure fizgar tashi. RCD kuma in da hali a sa biyu a raba gidan, don in hita ta yi yoyo kar duk gida ya faɗa duhu har firiza.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da nake roƙon mutane su ƙara. Ɗaya mai lura da hawa da saukar wuta, mai ɗan allo da ke nuna lamba, in wuta ta haura ko ta faɗi fiye da inda aka saita sai ya yanke ya jira ta daidaita. Ranar da nutural ya tsinke a fol ko a taransfoma, gidan da ke samun 230 zai iya ganin abin da ya doshi 400, a nan ne unguwa guda ke wayar gari talabijin da caja duk sun ƙone. Ɗayan kuma mai shanye tsawa, SPD, saboda damina, amma shi ba ya aiki in at ba ta da kyau.

Gargaɗi kan jabu: akwai wayar da alminiyon ce aka shafa mata jan ƙarfe. Kankare silin da wuƙa, in cikin fari ne ajiye musu abinsu. Ɗaga nadin ka ji nauyi, na gaskiya yana da nauyi, kuma duba sunan kamfani da girman a buge a jikin robar da tambarin SON, hukumar kula da ingancin kaya. Kamfanonin gida irin su Coleman da Cutix da Nigerchin ana samun kayansu, sai dai sunan da ya yi suna shi aka fi kwaikwaya, don haka wurin dila na gaskiya za ka je ka karɓi rasit. Bireka ma haka, ta jabu ba nauyi kamar kwalin ashana, wata ma cikinta makunni ne kawai ba abin da zai sa ta faɗi.

7. Ranar aiki, abin da ke gaba da abin da ke baya

A fara da safe, aikin gida matsakaici yini ɗaya ne in ba a sake jan waya. A cika tanki, a yi caji, a gaya wa matan gida kar a yi ta buɗe firiza.

Farko a raba gidan da duk wata hanyar wuta, ba ta NEPA kaɗai ba. A kashe janareto a zare wayarsa, a kashe inbata a raba shi da batir, a kashe ɓangaren faifan sola. Kar a ce ai an ɗauke wuta bari mu yi sauri kafin a kawo, wannan gangancin ya kashe masu aiki da yawa, ba wanda ke maka sallama kafin ya mayar da wuta. In aikin zai taɓa wayar da ke tsakanin fol da mita, ko sai an matsar da mitar, wannan hurumin JED ne, a je ofis a sanar su zo su cire. Kar a yanke hatimin mita, tara ce mai nauyi, kuma duk wanda ya ce zai zagaye maka mita tunda an riga an buɗe, laifin a kanka zai ƙare ba a kansa ba.

Bayan an kashe a gwada da mita a tabbatar ba wuta, ba da tesita mai ɗan ƙwai kaɗai ba. Sannan kafin a kwance ko waya ɗaya a manna wa kowace salatif a rubuta inda ta nufa, a ɗauki hoto da waya. Tsofaffin gidaje ja ne mai wuta baƙi nutural, sababbin wayoyi kuma ruwan ƙasa ne mai wuta shuɗi nutural, amma kar a dogara da launi, na sha ganin inda aka yi gida guda da launi ɗaya saboda shi ya rage a nadi.

Sai a cire tsohon har allon katakon, a share gidan zanzaro da busassun tsaka da ƙurar hunturu da ta taru. In wurin da yake ba daidai ba ne yanzu ne lokacin matsarwa: ba bayan wadrof ba, ba inda ruwan indararo ke fesowa ba, ba saman inda ake ajiye jarkar fetur ko tukunyar gas ba, kuma a tsayin da babba zai kai hannu ba tare da kujera ba amma yaro ba zai kai ba. Duk bakin wayar da ya ƙone a yanke a fere sabo, in ta gaza tsayi a haɗa da kanekta a cikin akwati, ba murɗawa a naɗe da salatif ba.

At kuma a yi ta a ranar, kar a ce sai wani lokaci. Sanda mai rufin jan ƙarfe, aƙalla ƙafa huɗu, in ta fi haka ya fi, a wurin da ƙasa ke riƙe danshi. Bauchi wurare da yawa dutse ne, sanda na shiga ƙafa biyu ta tsaya, sai ka ga mai aiki ya yanke sauran ya rufe da ƙasa. Kar ka yarda, a canza wuri ko a kafa biyu uku da tazara a haɗa su. Gawayi da gishiri da aka saba zubawa suna saukar da karatu da farko amma gishirin na cin sandar a hankali, in an yi haka to a bar ɗan rami mai murfi da za a riƙa dubawa.

Gargaɗi kan canji-oba: ya zama mai yanke waya biyu, mai wuta da nutural, mai tsayawa a tsakiya, kuma girmansa ya kai na babbar bireka. Masu jona janareto ta soket da filogi biyu su sani wutarsu na fita har kan fol, tana iya kashe ma'aikacin da ya hau gyara. In da inbata, a ware masa ƙaramin akwati na fitilu da fanka da talabijin, kar a bar hita da guga a kansa. Kuma ɓangaren faifai da batir birekar DC ake sa wa, ta gida ba ta iya kashe tartsatsin wannan wutar.

8. Kafin ka biya cikon kuɗi

A mayar da wuta dukkan ƙananan birekoki suna ƙasa, a ɗaga babba, sannan a riƙa ɗaga ɗaya-ɗaya kana zagawa kana ganin wane ɗaki ya kawo, a rubuta a jikin murfin da Hausa yadda kowa a gidan zai gane, ɗakin Hajiya, kicin, sumo, esin falo. Danna maɓallin T da hannunka, dole RCD ta faɗi nan take, in ba ta faɗi ba ko jabu ce ko an haɗa ta ba daidai ba. Gwada canji-oba da janareto a gabansa. Sannan a kunna manyan kaya tare na kamar rabin awa, ya sake maƙala mita ya nuna maka amfiyar, ka taɓa murfin ka ji ko akwai inda ke zafi. Guraben da ba a sa komai ba a toshe su da marfinsu, haka ramukan da waya ta shiga, in ba haka ba tsaka da kyankyasai sun samu ɗaki.

Karɓi tsofaffin kayan da ragowar waya, naka ne, da rasit da takardar karatun gwajin. Ni ina ba mutane shawara su riƙe ɗan wani abu daga kuɗin aiki har sati biyu zuwa wata, mai aikin ya dawo ya kashe wuta ya sake bin sukurori, saboda jan ƙarfe na ɗan kwantawa bayan ya sha zafi da sanyi, kuma sakakken sukuru shi ne mafarin yawancin ƙaurin da ake kira na a kai. Maɓallin T ɗin nan kuma a riƙa danna shi duk bayan wata uku, in kana mantuwa haɗa shi da ranar da kake canza man janareto.